Shin duniya tana nan ko da babu mai kallonta? Tambayoyi da amsoshi

Wannan tambaya takan iske mutum ta ƙofofi daban-daban. Ɗalibi ya ci karo da ita a ajin falsafa, wani ya ji ta a bidiyon da ke yawo a waya ana cewa kimiyya ta gano kallonmu ne ke samar da duniya, wani kuma ta faɗo masa da asuba bayan ya farka daga mafarkin da ya rantse gaske ne. Matsayina a kanta ba ɓoyayye ba ne. Duniya tana nan, ba ta jiran idon kowa. Abin da ya rataya a kanmu shi ne kamannin da take zuwa mana da su. Amma waɗanda suka yi shakka ba wawaye ba ne, kuma hujjojinsu sun cancanci a saurare su da kyau.

Ai kowa ya san duniya tana nan. Mece ce abin tambaya a ciki?

Tambayoyi uku ne suka cakuɗe, kuma yawancin musun da ake yi daga cakuɗa su yake tasowa. Ta farko, akwai wani abu a wajen zukatanmu da zai ci gaba da wanzuwa ko da 'yan Adam sun ƙare? Ta biyu, idan akwai shi, kamanninsa daidai suke da yadda muke ganinsa? Ta uku, za mu iya tabbatar da haka da hujjar da ba ta bar ƙofar shakka ko ɗaya ba? Amsata ga ta farko e ce. Ta biyu, wani ɓangare e, wani a'a. Ta uku kuwa a'a ce, kuma faɗin haka ba ya rushe ta farko.

Idan kuka ta faɗi a tsakiyar dawa babu kowa kusa, ta yi ƙara?

Faɗuwarta za ta girgiza iska, girgizar ta bazu da gudun mita 343 a daƙiƙa, ta kaɗa ganyen da ke kusa, ta tayar da ƙura. Wannan zai faru ko da kunne ko babu. Idan ka bar na'urar ɗaukar murya a wurin ka yi tafiyarka, za ka dawo ka tarar ta ɗauka. Abin da babu a wurin shi ne jin kansa, wato abin da ke aukuwa bayan girgizar ta taɓa dodon kunne ta wuce ƙwaƙwalwa. Kunnen mutum ma ba ya kama duk girgizar da ke akwai, daga kaɗawa 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa iyakarsa. Jemage yana farauta da sautin da ya wuce wannan iyaka, yana shawagi a kanmu da magariba muna zaton shiru yake.

To launi da ɗanɗano fa? A jikin abu suke ko a cikinmu?

A nan masu shakka suke da ƙarfi, kuma dole a ba su gaskiyarsu. Duk wanda zazzaɓin cizon sauro ya taɓa kayarwa ya san yadda abinci ke komawa ɗaci a baki, alhali tuwon da miyar ba su canza ba. Hasken da idonmu ke kamawa ɗan yanki ne siriri, mai tsawon zango daga nanomita 400 zuwa 700 ko kusa da haka, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. A cikin idonmu akwai ƙwayoyin gane launi iri uku, kare yana da iri biyu, ƙudan zuma kuma yana ganin wani haske a jikin fure wanda mu ba ma gani sam. To wane ne ya ga ainihin launin furen?

Galileo, masanin kimiyya ɗan Italiya, ya rubuta a 1623 cewa ɗanɗano da ƙamshi da launi suna zaune ne a cikin mai ji, da za a ɗauke mai rai da sun tafi tare da shi. John Locke na Ingila ya bi wannan hanya, ya raba siffofin abu gida biyu: waɗanda ke jikinsa, kamar girma da siffa da motsi da adadi, da waɗanda yake haifarwa a cikinmu, kamar ja da zaƙi. Sai dai a lura, jan tumatir bai faɗo daga sama ba. Fatarsa tana shanye wani sashe na haske ta maido wani, kuma tana yin haka ko a gona da tsakar rana babu kowa. Jan da muke gani haɗuwa ce tsakanin wannan aiki na fatar da irin idon da aka yi mana.

Tunda gaɓɓai suna yaudararmu, me zai sa mu yarda da su?

Babu wanda ya ɗanɗani zafin wannan tambaya kamar Imam Gazali, wanda ya rayu daga 1058 zuwa 1111. A littafin da ya ba da labarin neman yaƙininsa, Almunƙizu minad Dalal, ya ce ido ne mafi ƙarfin gaɓɓai, amma yana kallon inuwa ya ga a tsaye take cak, sai bayan ɗan lokaci a tarar ta gusa, ashe tun ɗazu tafiya take a hankali. Yana kallon tauraro ya gan shi kamar dinari, lissafi kuwa ya nuna ya fi ƙasa girma. Daga nan sai shakkar ta haura kan hankali kansa: idan hankali ya ƙaryata ido, me ya hana a samu wani alƙali a bayan hankali da zai ƙaryata shi? Ya ce ya yi kusan wata biyu cikin wannan ciwo, kuma abin da ya fitar da shi haske ne da Allah Ya jefa a ƙirjinsa, ba jera hujjoji ba.

Akwai abin da nake so mai karatu ya duba a misalan nasa. Ta yaya aka gane inuwa tana tafiya? Da aka sake dubawa. Ta yaya matafiyi ke gane kawalwalniya ba ruwa ba ce? Da ya isa wurin ya tarar da busasshiyar ƙasa. Ba za a iya cewa ido ya yi kuskure ba sai akwai yadda abin yake wanda idon ya saɓa wa. Saboda haka yaudarar gaɓɓai hujja ce a kan raunin mai kallo, kuma a lokaci guda shaida ce cewa akwai abin da ake kallo. Ibnul Haisam, wanda ya yi aikinsa a Alƙahira a farkon ƙarni na 11, ya nuna cewa haske ne ke fitowa daga abu ya shiga ido, sannan hankali ya yi hukunci a kan nisa da girma. Kuskuren gani yakan faru ne a wajen wannan hukunci.

Akwai wanda ya taɓa musun samuwar abubuwa da gaske, ba wasa ba?

Akwai, kuma mafi shahara shi ne George Berkeley, malamin coci ɗan ƙasar Ayaland. A 1710, yana ɗan shekara 25, ya ɗauki rabon da Locke ya yi ya juya shi a kansa. Ya ce kun yarda launi a cikinmu yake, to girma da siffa fa, da me kuka san su in ba da ido da hannu ba? Ɗauki lemo ka cire launinsa, ka cire ƙamshi da ɗanɗano da nauyi da santsinsa, me ya rage? Wannan ragowar da kuke kira jiki, wanda ba a gani ba a taɓawa, babu wanda ya taɓa haɗuwa da shi. Don haka a wurinsa samuwar abu ita ce a riske shi.

Da aka tambaya ko ɗaki yana ɓacewa idan an kulle shi an fita, amsarsa ita ce a'a, domin Ubangiji yana riskarsa a kowane lokaci. Ke nan ko Berkeley bai ce duniya ta dogara da idon ɗan Adam ba. Mutane da yawa da ke ambatonsa suna tsallake wannan.

An ruwaito cewa a 1763 marubucin Ingila Samuel Johnson ya ji wannan magana, ya ɗaga ƙafa ya haure wani ƙaton dutse, ya ce ga raddinsa. Berkeley ya riga ya mutu shekara 10 kafin nan, amma amsarsa a shirye take: zafin da ka ji a yatsa shi ma riska ce. Ta fuskar mantiƙi dutsen bai kayar da shi ba. Duk da haka ina ganin Johnson ya taɓo wani abu na gaske, wato duniya tana yi mana gardama, ba ta bin son ranmu.

Me malaman aƙida na Musulunci suka ce?

Sun ɗauki maganar da muhimmanci har wasu suka buɗe littafin aƙida da ita kafin komai. Najmuddin Nasafi, malamin Samarƙandu da ya rasu a 1142, ya fara matanin aƙidarsa da cewa haƙiƙanin abubuwa tabbatattu ne, saninsu kuma mai yiwuwa ne, saɓanin abin da Sufasɗa'iyya, wato masu musun haƙiƙa ko shakkarta, ke faɗa. Taftazani, wanda ya yi masa sharhi a ƙarni na 14, ya kasa waɗannan mutane gida uku. Akwai masu cewa babu haƙiƙa ko ɗaya, duk ruɗi ne. Akwai masu cewa haƙiƙa tana bin abin da mutum ya ƙudurta, abin da ka ɗauka shi ne gaskiya a wurinka. Akwai kuma masu cewa ba mu sani ba, kuma ba mu san ko ba mu sani ba. Kashi na biyu su ne suka fi yawa a zamaninmu, duk da ba su san suna da suna ba.

Dalilin damuwar malaman a fili yake. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Ummul Barahina ta Shehu Sanusi na Tilimsan, wadda aka daɗe ana karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ya san yadda hujjar take tafiya: jikkuna ba sa rabuwa da motsi da tsayuwa, muna ganin waɗannan suna canzawa, abin da ke canzawa fararre ne, fararre kuma yana buƙatar wanda ya fare shi. Idan aka ce duniyar ma babu ita, matakin farko na hujjar ya zube. Ban da haka, imani da gaibu kansa ikirari ne cewa akwai abubuwan da ke nan alhali gaɓɓanmu ba su kai gare su ba.

Amma a wa'azi ana cewa duniya ruɗi ce, mafarki ce. Wannan bai saɓa ba?

Bai saɓa ba. Alƙur'ani ya kira rayuwar duniya wasa da wargi da jin daɗin ruɗi, kuma shi ne ya ce an halicci sammai da ƙasa da gaskiya, ba a banza ba. Maganar farko a kan darajar duniya take da gajartarta. Haka nan idan sufaye suka ce babu samamme na haƙiƙa sai Allah, abin da mafi yawan masu sharhi ke nufi shi ne halitta ba ta tsaya da kanta ba, samuwarta aro ce. Dogaro ga Mahalicci daban, dogaro ga idona da naka daban.

Ganin watan azumi ya isa misali. Shari'a ta rataya hukuncin ɗaukar azumi a kan gani, idan hadari ya rufe a cika talatin. Babu malamin da ya fahimci cewa hadarin ya shafe jinjirin watan daga sama.

Wace hujja ce mafi ƙarfi a kan cewa abubuwa suna nan ba tare da mu ba?

A ganina ita ce yadda abin da ba a gani yake barin sawu, har a bi sawun a same shi daidai inda aka yi tsammani.

Bayan gano duniyar Yuranus a 1781, masana taurari sun lura tana kaucewa kaɗan daga hanyar da lissafi ya zana mata. Urbain Le Verrier a Faris ya ce lalle akwai wata duniya da ba a sani ba da ke janta, ya zauna da alƙalami ya lissafa inda take, ya aika wasiƙa Balin. A daren 23 ga Satumba 1846 Johann Galle ya juya madubin hangen nesa wurin, ya tarar da Neftun, ratar da ke tsakaninta da inda aka ce ba ta wuce digiri ɗaya ba. Idan kallo ne ke samar da abu, me ke jan Yuranus duk shekarun da babu wanda ya san da Neftun?

Ga wani a gida. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da itace a zurfin mita biyar. Da aka tono sai ga kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, gwajin da aka yi a Jamus kuma ya nuna ya kai shekara 8,000. Waɗanda suka sassaƙa shi sun shuɗe, harshensu ya ɓace, babu zuciya ɗaya a bayan ƙasa da ke tuna shi. Amma sinadarin kabon da ke jikin itacen bai daina raguwa bisa ƙa'idarsa ba, shi ya sa aka iya ƙidaya shekarunsa. Haka ƙasusuwan manyan dabbobin da aka tono a Gadufawa cikin hamadar Tenere a Nijar, waɗanda suka haura shekara miliyan 100.

Mai shakka zai iya cewa duk wannan ma a cikin riskarmu ya zo. Haka ne. Sai dai yanzu nauyi ya koma kansa, ya bayyana mana dalilin da ya sa riskar mutane daban-daban, a ƙasashe da zamunna daban-daban, take dacewa haka. Bayani mafi sauƙi shi ne duniya guda ce dukansu ke karo da ita.

Ta yaya zan tabbatar ba mafarki nake ba, ko ba a cikin kwamfuta muke ba?

Da hujjar da ta toshe kowace kafa, ba za ka iya ba. Descartes, masanin falsafa ɗan Faransa, ya gwada a 1641, ya ƙaddara wani mugun aljani na ruɗarsa a komai, kuma bai fita ba sai da ya jingina ga cewa Ubangiji ba Ya yaudara. Nick Bostrom, wanda ke jami'ar Oksfod a lokacin, ya sabunta tambayar a 2003 da cewa mai yiwuwa duniyarmu kwaikwayo ce da wata kwamfuta ke gudanarwa. Amma ka duba, mafarki yana buƙatar mai barci, aljanin Descartes dole ya wanzu kafin ya ruɗi wani, kwamfutar Bostrom kuma dole tana wani wuri. Kowane ɗaya daga cikin labaran nan ya yarda akwai haƙiƙar da ba mu muka yi ta ba, gardamarsa kawai a kan wace iri ce. Kuma iya ƙaddara abu ba dalili ba ne na gaskata shi. A wani bincike da aka yi a 2020 tsakanin malaman falsafa na jami'o'i, kusan kashi 80 cikin 100 sun karkata ga cewa duniyar waje tana nan kuma ana iya saninta.

Ko za mu iya sanin abu yadda yake a kan kansa?

Immanuel Kant, masanin falsafa Bajamushe, ya ce a'a, a 1781. A wurinsa wuri da lokaci da sababi tsari ne da hankalinmu ke zuba komai a ciki, don haka abin da muke sani shi ne abu kamar yadda ya bayyana gare mu. Ya yi gaskiya cewa babu mai iya fita daga kansa ya leƙo duniya ta baya. Inda nake rabuwa da masu wuce gona da iri a bayansa shi ne, kwanon awo namu ne, mu muka ƙera shi, amma ba kwanon ne ya noma geron ba, kuma ba shi ke yanke ko buhun zai cika kwano arba'in ko talatin ba. Kant da kansa bai musa cewa akwai abin da ke bayan bayyanar ba.

An ce kimiyyar kwantum ta nuna abu ba ya samuwa sai an kalle shi. Gaskiya ne?

Wannan ita ce maganar da aka fi murɗawa. Kwantum reshen kimiyya ne da ke nazarin halin abubuwa mafi ƙanƙanta. Abin da ke gaskiya shi ne, ƙananan halittu irin su ilektron ba sa hali irin na tsakuwa. Idan aka harba su ta ƙofofi biyu ba tare da an auna ta wacce suka bi ba, sukan zana alama irin ta igiyar ruwa da ta bi ta duka biyun. Da zarar an sa abin da zai nuna hanyarsu, alamar ta ɓace. Wannan ya dami Einstein har ya tambayi abokin tafiyarsa Abraham Pais ko da gaske ya yarda wata yana nan ne kawai idan an dube shi.

A 1964 John Bell ya samo hanyar gwada wani sashe na rigimar. Gwaje-gwajen John Clauser da Alain Aspect da Anton Zeilinger, waɗanda suka ba su kyautar Nobel a 2022, sun nuna ba zai yiwu a riƙe abu biyu tare ba a sauƙaƙe: cewa kowace ƙwaya tana ɗauke da amsarta tun kafin awo, da kuma cewa abin da aka yi a nan ba shi da alaƙa nan take da abin da ke nesa. Wannan babban al'amari ne, kuma har yau masana ba su daidaita a kan fassararsa ba.

Sai dai kallon da ake nufi a nan ba na idon mutum ba ne. Duk wata cuɗanya da ta bar alama ta wadatar, ko na'ura ce, ko ƙwayar iska, ko haske. A Biyana ta ƙasar Ostiriya an yi gwajin da manyan ƙwayoyin kabon, aka ga idan an zafafa su har suka fara fitar da haske, alamar igiyar tana dushewa da kanta, ba tare da wani ya leƙa ba. Eugene Wigner, wanda ya taɓa cewa sai da hankalin mai rai awo ke kammala, ya janye daga baya. Wata kuwa hasken rana na dukansa ba dare ba rana, kuma yana jan ruwan teku yana sakinsa ko an dube shi ko ba a duba ba.

Babu abin da samuwarsa ta dogara da mu ke nan?

Akwai, da yawa. Kuɗin wuri da kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwar Kurmi ƙwanson wata halittar ruwa ne daga tsibiran Maldib. Yardar mutane ce ta mai da shi kuɗi, da yardar ta janye ya koma abin ado. Mun ga irin haka da idonmu a farkon 2023, lokacin da 'yan kasuwa suka riƙa ƙin karɓar tsofaffin takardun naira 500 da 1,000, har Kotun Ƙoli ta yi hukunci a ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓarsu. Takardar ba ta canza ba ko kaɗan. Iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi ma Ingila da Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyi tsakanin 1890 da 1906. Irin waɗannan abubuwa gaske ne, suna iya hana mutum abinci ko su tsare shi a hanya, amma da mutane za su ƙare da sun ƙare tare da su. Dutsen Dala da kogin Kwara ba haka suke ba. Rikicewa tana zuwa ne idan aka ɗauki hukuncin kashi na farko aka shimfiɗa a kan komai.

Wannan duk ba musun malamai ba ne? Me ya shafi talaka?

Ya shafe shi fiye da kowa, kuma wannan ne ya sa nake jin zafin maganar nan ta "kowa da gaskiyarsa" idan aka kai ta inda ba wurinta ba. A zaɓin abinci ko waƙa, kowa da nasa. A kan abin da ke cikin ruwan rijiya, gaskiya ɗaya ce.

A farkon 2010 yara suka riƙa suma da jijjiga suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara. An fara zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magungunansu, yaran ba su daina mutuwa ba. Iyaye suna da nasu bayanin, ma'aikatan lafiya suna da nasu, kowa kuma da zuciya ɗaya yake faɗa. Da likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa mai suna MSF suka aika jinin yaran gwaji, sai aka tarar da gubar dalma. Duwatsun zinariyar da ake kawowa gida ana dakawa ana niƙawa a tsakar gida cike suke da ita, ƙurar ta bi ƙasa inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Ba ta da warin da za a ji, ba ta da launin da zai bambanta ta da sauran ƙura. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai kuma suka kamu.

Abin da ya rage mutuwar shi ne aikin da aka yi bisa abin da ke cikin ƙasar da jinin. Aka kankare saman ƙasar gidaje a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma aka zuba sabuwa, aka ba yara maganin da ke fitar da dalma daga jiki, aka matsar da niƙan dutse daga cikin gida. Bagega, wadda ta fi sauran girma, sai a 2013 aka samu kuɗin share ta, kuma duk tsawon jiran yaranta suna wasa a kan wannan ƙasa.